Tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata, attajirin Kano (1877–1955)

Ku masu karatu, da wuya a samu wanda ya saba da kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram bai taɓa jin sunan Ɗantata ba. Idan yaro ya cika ɓarnar kuɗi, sai ku ji uwarsa tana tambayarsa ko shi ɗan gidan Ɗantata ne. Mutane da yawa sun san sunan, amma kaɗan ne suka san mai sunan. Ya rasu tun shekarar 1955, kafin Nijar da Najeriya su samu ƴancin kai. A lokacin rasuwarsa ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma duka. Za mu ba ku tarihinsa a nan, kuma za mu fi tsayawa a kan abu biyu: yadda ya yi da lokacinsa, da yadda yake zaɓen sana'ar da zai sa ƙarfinsa a ciki.

Asalinsa

An haifi Alhassan a shekarar 1877 a garin Bebeji, kudu da birnin Kano. Sunan mahaifinsa Abdullahi, madugu ne, wato shugaban ayarin fatake. Kakansa, Baba Talatin, shi ma falke ne. Daga ƙasar Katsina zuriyarsu ta gangaro, ta zauna a Madobi cikin ƙasar Kano, daga baya Abdullahi ya koma Bebeji saboda garin yana kan hanyar fatake.

Su Agalawa ne. Wannan ya shafe mu mu mutanen Nijar, domin masana tarihi sun nuna cewa kakannin Agalawa daga arewa suka fito, daga cikin mutanen da ke zaune tare da Abzinawa. Sun sauko ƙasar Hausa sannu a hankali, suka ɗauki harshen Hausa da al'adunta, suka riƙe fatauci ya zama sana'ar gado. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a fataucin goro a ƙarni na 19.

Mahaifiyarsa ana kiranta Amarya. Ita ma ƴar kasuwa ce mai jarin kanta.

Maraici

Madugu Abdullahi ya rasu wajen 1885, Alhassan yana da kimanin shekara 8. Bayan rasuwar, Amarya ta tashi ta tafi Akra, birnin da Hausawa ke kira Ankara, cikin ƙasar da ake kira Gana a yau. Ta bar ƴaƴanta a Bebeji hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Ita ta rene su. Daga sunanta aka samu laƙabin Ɗantata, wato ɗan da Tata ta raina. Ku lura da wannan: sunan da ya cika duniya, wanda aka rubuta a jikin motoci da kamfanoni, sunan wata tsohuwa ne da ba ta mallaki ko kanta ba.

An sa Alhassan makarantar allo. Ɗan gadon da ya samu bai kai shi ko'ina ba, ya ƙare tun yana karatu. Sai ya zama kamar sauran almajirai, yana yi wa mutane aiki don ya samu na abinci da na sutura. Masu ba da tarihinsa sun ce Tata ce ta koya masa tanadi. Duk abin da ya samo, sai ta sa ya raba, ya ci wani, ya jefa wani cikin asusu. Asusun zamanin ɗan tulu ne na ƙasa mai ƙaramin baki, abin da ya shiga ba ya fita sai an fasa. Kuɗin kuwa wuri ne.

Yana da kimanin shekara 15 ya bi ayari zuwa Akra don ya ga mahaifiyarsa. In ya yi zaton zai je ya huta a gidan uwa mai dukiya, to, bai samu haka ba. Ta kai shi wurin wani malami ya ci gaba da karatu, yana neman abincinsa da kansa. Bayan wani lokaci ya koma Bebeji. Amma tafiyar ba ta tashi a banza ba. Ya ga hanyar Gwanja da ƙafarsa, ya ga bakin teku, ya ga jiragen ruwa suna sauke kaya suna ɗauka. Abin da ya gani yana yaro shi ya yi masa amfani bayan shekaru.

A 1893 yaƙin basasa ya tashi a Kano tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa da yawa sun goyi bayan Tukur, kuma Tukur ne aka ci. An faɗa wa garuruwansu, har da Bebeji. An ruwaito cewa an kama Alhassan da ƴan'uwansa cikin waɗanda aka kama, sai da suka fanshi kansu. Ke nan kafin ya cika shekara 20 ya ɗanɗana maraici da talauci da kamu.

Yadda fataucin goro yake a da

Sai mun bayyana muku wannan fatauci dalla-dalla, in ba haka ba ba za ku gane abin da Ɗantata ya canza ba.

Goron da Hausawa suka fi so a dazuzzukan ƙasar Asante yake fitowa. Ana kawo shi kasuwannin Gwanja, babbarsu ita ce Salaga. Daga Kano zuwa Salaga ya haura kilomita 1000. Ayari yakan tashi bayan damina, da jakuna da alfadarai da ƴan alaro masu ɗauka a ka. Suna tafe da kanwa, wadda wata daga ƙasar Manga da Muniyo take fitowa, da tufafin Kano rinannu, da jemammun fatu, da gabu, da dabbobi. Sukan ƙetare kogin Kwara ta Yawuri ko ta Ilo ko ta Gaya, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi, sannan su isa Salaga. Madugu ne ke shugabanci, jagaba yana gaba yana duba hanya. A kowace ƙasa sai an biya sarki kuɗin wucewa, a kowane kogi sai an biya fito. Ga ƴan fashi, ga cuta, ga mutuwar jakuna. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci har ya kusa shekara.

Shi kuwa goro ba ya jira. Gishiri ko kanwa kana iya ajiye su shekara ba su canza ba. Goro rai gare shi. Sai an naɗe shi cikin ganye mai ɗanshi an ɗaure huhu. A kan hanya, bayan ƴan kwanaki sai an kwance, an sake ganye, an yayyafa ruwa, an tsince wanda sankara ta kama don kada ya ɓata sauran. In ya sha iska ya bushe, in ruwa ya yi yawa ya ruɓe. Kowace rana da aka ƙara a hanya, ana rasa wani abu daga cikin kayan. Saboda haka falken goro ya riga kowa sanin cewa kwana ma kuɗi ne. Ribar tana da kauri ga wanda ya iso lafiya, amma sau ɗaya ake samunta a shekara, kuma jarin mutum yana ɗaure a bayan jaki duk tsawon wannan lokaci.

A cikin wannan sana'a Alhassan ya fara, da ɗan abin da ya tara.

Ya bar hanyar kakanni

A ƙarshen ƙarni na 19 abubuwa suka fara juyawa. Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, sai ikon Asante a kan hanyoyin arewa ya yi rauni. A 1892 yaƙi ya tashi a Salaga kanta, kasuwar ta watse. A ɗaya gefen kuma, jiragen ruwa masu tafiya da tururi suna ta kai da kawowa tsakanin garuruwan bakin teku. Goro ya fara bin ruwa zuwa Ikko, wato Legas.

Fatake da yawa sun ci gaba da bin hanyar ƙasa, don ita suka gada, ita suka sani. Ɗantata yana cikin na farko daga ƴan kasuwar Kano da suka juya zuwa teku. Daga wajen 1906 ya riƙa sayen goro a Kumasi da kewayenta, ya sauko da shi Akra ko Sakandi, ya sa a jirgi zuwa Ikko. Tafiyar ƴan kwanaki ce. Goron yana isowa da ɗanyancinsa, asarar hanya ta ragu ƙwarai. In zai koma kuma ba ya tafiya hannu sake, yakan ɗauki kayan da ake nema a can. Ya yi cinikin duwatsun wuya da tsakiya da yadudduka na Turai, yana kai su kasuwannin da ya san suna da daraja.

Sai ga hanyar jirgin ƙasa. Ta isa Badun a 1901, ta yi ta matsowa arewa, ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga ƴan kasuwa a 1912. Daga Ikko zuwa Kano ya fi kilomita 1100, amma yanzu ya zama tafiyar kwanaki kaɗan. Abin da ayari ke yi a wata da watanni, jirgin ruwa da na ƙasa suka gama shi cikin mako biyu ko uku. A wannan lokaci ne Ɗantata ya kafa gidansa a birnin Kano, a unguwar Sarari kusa da Koki, inda filin yake a sarari ba gine-gine da yawa.

Bari mu yi lissafi tare, irin wanda muke yi a ajin karatun manya. Ku ɗauki alli ko alƙalami. Misali ne kawai, da kuɗinmu na yau. A ce mutum biyu kowanne yana da jarin jika 100. Na farko yana tafiya mai nisa sau ɗaya a shekara, yana cin ribar jika 40. Na biyu ribarsa a kowace tafiya jika 15 ce kawai, amma yana zuwa sau huɗu a shekara. A kasuwa, na farko ne zai yi ta ba da labari, don ribarsa ta fi girma a ido. To, ku tara na biyun: 15 sau 4, jika 60 ke nan. Ya fi na farko da jika 20. Kuma in yana mayar da ribar cikin jari bayan kowace tafiya, tazarar za ta fi haka, domin tafiya ta biyu da jika 115 zai yi ta, ba da 100 ba. Idan kuna son ku auna sana'a, kada ku tsaya a tambayar nawa ake samu. Ku ƙara da tambayar cikin kwana nawa kuɗin ke komowa hannu. Mai tuyar ƙosai da ke juya jarinta kullum ta san wannan, ko da ba ta taɓa rubuta shi ba.

Jirgi yana da kuɗin haya, jaki kuwa ciyawa yake ci. Wanda ya dubi kuɗin haya kaɗai zai ce hanyar ƙasa ta fi arha. Ɗantata ya saka watannin da za a ɓata da goron da zai lalace cikin lissafi, sai ya ga arhar ta koma tsada.

Gyaɗa

Da jirgi ya iso Kano, Turawan Ingila auduga suke sa rai za su kwasa don masaƙunsu. Abin bai tafi yadda suka tsara ba. Masaƙan ƙasar Kano suna sayen audugar da daraja, ba a ga dalilin sayar wa Bature da arha ba. Manoma sai suka karkata ga gyaɗa, wadda a wasu sassanmu ake kira gujiya. Tana son ƙasa mai rairayi, tana gyara gona, kuma in kasuwa ta ƙi, ana iya cinta a gida ko a matse mai a yi ƙuli-ƙuli. Auduga kuwa ba ta shiga tukunya. A Turai ana neman man gyaɗa don abinci da sabulu. Tun kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar jirgin Kano har aka rasa inda za a sa ta.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su jin Hausa sosai, manomi kuma bai san su ba. Dole suka nemi manyan fataken goro, waɗanda ke da yara a kowace kasuwa, su tsaya a tsakani. Cikin waɗanda suka yi fice akwai Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Ɗantata ya riƙa saya masa gyaɗa. Wannan kamfani shi ne daga baya, a 1929, ya haɗu da wani suka zama UAC. Ɗantata ya karɓa, ya sa ƙarfinsa a ciki. Kafin 1922 ta ƙare ana faɗin cewa ya wuce duk attajiran Kano. Bayan haka ya zama babban mai saya wa UAC gyaɗa a arewacin Najeriya.

Me ya sa ya wuce waɗanda suka riga shi suna? A ganina, babban dalili shi ne ya fahimci cewa cinikin gyaɗa na ɗan lokaci ne. Ana buɗe saye bayan kaka, cikin ƴan watanni an gama. Wanda ya bari sai an buɗe sannan ya fara neman kuɗi da buhuna da jakuna, kafin ya shirya wasu sun kwashe. Aikin kaka tun bazara ake fara shi. Manyan masu saye sukan ba wakilansu kuɗi da gishiri da yadi tun da wuri, su kuma su shiga ƙauyuka su ƙulla magana da manoma. Ranar da aka buɗe kasuwa, gyaɗar ta riga ta san gidan da za ta. Ɗantata yana da jarin da zai yi wannan da yawa, kuma jarin daga goro ya fito.

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya, tun da yawancinku manoma ne. Wannan tsari na ba da kuɗi kafin kaka ya fi yi wa mai saye daɗi. Manomin da ya karɓi kuɗi a watan yunwa ba shi da bakin yin ciniki ranar awo. Kamfanonin Turawa su ke yanke farashi, ɗan tsakiya ya cire nasa, abin da ya saura shi ke isa ga wanda ya yi noman. Har yau kuna ganin irin haka a kan wake da albasa da riɗi. Dukiyar da aka tara a gyaɗar Kano, da gumin talakawa masu yawa a cikinta. Wanda zai koyi dabarar Ɗantata, ya koye ta ta ɓangarensa: manomi ma yana iya shirya wa watan yunwa tun ranar da ya cika rumbu, don kada ya sayar da amfaninsa tun yana gona.

Bai saki goro ba da ya kama gyaɗa. Ya ci gaba da shi, ya haɗa da cinikin shanu da hatsi da yadi. Sana'o'in ba su cin karo da juna, domin kowacce da lokacinta. Gyaɗa tana da watanninta, goro kuwa ana cinsa shekara duka, ga suna ga aure ga Salla. Kuɗin da ya fito daga wannan sai ya shiga wancan, ba ya kwana a banza. Da farashin gyaɗa ya faɗi ƙasa warwas a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, masu ƙafa ɗaya sun sha wuya ƙwarai. Gidan Ɗantata ya fita daga wannan zamani yana tsaye.

Aikin maigida da aikin yara

Mutum ɗaya ba zai kasance a Kumasi da Ikko da Kano da kasuwannin ƙauye a rana ɗaya ba. Tun da harkarsa ta yi faɗi, Ɗantata ya daina bin kaya da ƙafarsa. Ya zauna a Kano, ya bar tafiya ga yaransa. A bakin ƴan kasuwa, yaro ba ƙaramin mutum ba ne, yana iya zama magidanci mai furfura. Shi ne wanda maigida ya ba jari ko kaya, ya tura shi wani gari, ya dawo ya ba da lissafi. Maigida yakan yi masa aure, ya ba shi wurin zama, in ya nuna amana a ƙara masa jari har wata rana ya tsaya da kansa. Haka Alhazan Maraɗi su ma suka gina kasuwancinsu daga baya.

Abin da ya rage a hannun maigida shi ne abin da ba mai yi masa: wa za a ba kuɗi, nawa za a ba shi, wane kaya za a saya bana, wane za a bari, yaushe za a sayar. Sai kuma karɓar lissafi. Ɗantata karatun allo ya yi, bai shiga makarantar boko ba. Amma da ya fara hulɗa da kamfanoni da banki, ya ɗauki malaman lissafi masu rubuta shiga da fita, domin dukiya in ta kai wani matsayi ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ta.

Nan ne nake yawan ganin ƙananan ƴan kasuwarmu suna tuntuɓe. Mai shago shi ne mai zuwa sari, shi ne mai awo, shi ne mai bin bashi, shi ne mai share ƙofa. Yini ya ƙare yana ta gumi, amma in ka tambaye shi wane kaya ne ya fi kawo masa riba a watan nan, sai ya yi shiru. Sharar ƙofa ɗansa zai iya. Sanin abin da ke kawo riba kuwa sai shi. Ku da kuka koyi rubutu yanzu, kuna da abin da Ɗantata sai da ya biya wasu suka yi masa. Kaye ɗaya ya isa: shafi guda na abin da ya shigo, shafi guda na abin da ya fita, da na waɗanda ake bi bashi. Bayan wata uku, littafin da kansa zai nuna muku kayan da ke cin wuri da lokaci ba ya kawo komai.

Duk masu ba da labarinsa sun haɗu a kan cewa mutum ne mai tsimi. Abincinsa da suturarsa ba su nuna yawan abin da ya mallaka ba. Tarbiyyar asusun Tata ba ta bar shi ba har tsufa.

Raƙuma ashirin

Labarin da aka fi sani game da shi ya faru a 1929. A shekarar ne ya kai ajiya bankin Turawa na Kano, Bank of British West Africa, wanda ya zama First Bank na Najeriya a yau. An ce raƙuma 20 ne suka ɗauko kuɗin, duk tsabar azurfa. Mutane sukan ba da wannan labari don mamakin yawan dukiyar. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wahalar da ya sauke wa kansa. Ku yi tunanin ƙirga wannan tsaba, da gadinta dare da rana, da ɗaukarta zuwa Ikko in za a biya kaya. A wancan zamani attajirai da yawa ba su yarda da banki ba, sun fi son su binne a ɗaka. Shi ya ga cewa takarda guda za ta yi aikin da raƙuma da masu gadi suke yi.

Dalar gyaɗa

Gyaɗar da ake saye a kaka ta fi ƙarfin taragun jirgi. Sai ta taru a Kano tana jiran layi, wani lokaci har kaka ta zagayo. Aka riƙa jera buhunan ana ɗora su, ƙasa da faɗi sama da tsini, ana rufewa da tamfol saboda ruwa. Ita ce dalar gyaɗa. Babba takan ɗauki buhu wajen 15,000. Ana danganta fara wannan jeri da Ɗantata, kuma hotonta ya zama alamar Kano shekaru da yawa.

Akwai gyaɗarmu a cikin wannan harka. A zamanin mulkin Faransa, gyaɗar da aka noma a ƙasashen Maraɗi da Tasawa da Magarya da Matamai ta Najeriya take bi zuwa teku, domin tashoshin jirgin Kano da Ƙaura Namoda da Nguru su ne mafi kusa da mu. Sai a shekarun 1950 aka fara karkatar da wani kaso ta Paraku da Kwatano. Bayan ƴancin kai aka kafa SONARA a 1962 don ta riƙe cinikin. Farin shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya noman a ƙasashen biyu. A Najeriya kuma man fetur ya riga ya ɗauke hankalin gwamnati. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, yanzu sai a hoto.

Duk da girmansa, Ɗantata ya daɗe yana saye a ƙarƙashin kamfanin Turawa, domin su suka riƙe izinin fitar da kaya waje. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, ita ke ba manyan masu saye lasisi. Sai wajen 1953 ya samu nasa, ya riƙa saye da sunan kansa. Shekara 35 ke nan bayan ya fara da Niger Company, kuma saura shekara biyu ya bar duniya.

Hajji, majalisa da rasuwa

A farkon shekarun 1920 ya tafi aikin hajji. A lokacin, yawancin alhazan ƙasar Hausa ta ƙasa suke bi, ta Chadi da Sudan, suna tafe suna tsayawa neman guzuri, wasu su shekara biyar ko fiye, wasu su zauna can har abada. Shi jirgin ruwa ya shiga daga Ikko, ya bi ta Ingila, ya sauke farali ya komo ga harkokinsa. Bayan haka ya biya wa mutane da yawa kuɗin hajji, yana kuma ciyar da malamai da mabukata, musamman a watan azumi.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wajen 1950, aka sa shi cikin majalisar sarki don ya zama bakin ƴan kasuwa.

A 1955 ciwo ya kwantar da shi. Da ya ga alamar ba zai tashi ba, ya tara ƴaƴansa da manyan ma'aikatansa. Ya yi musu wasiyya da su zauna lafiya da juna, kada su bari kasuwancin ya watse bayan rabon gado. Ya san abin da yake tsoro, don ya gani da idonsa yana ɗan shekara 8: dukiyar madugu in aka yanka ta gunduwa-gunduwa, kowane yanki ba ya isa jari. Ya rasu ranar 17 ga watan Agusta 1955, yana da shekara 78. An binne shi a gidansa na Sarari.

Kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya ci gaba a hannun ƴaƴansa. Ahmadu ne ya fara riƙe shi, bayan rasuwarsa a 1960 ya koma hannun Aminu, aka shiga gine-gine da sufuri da wasu harkoki. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya yi nasa suna a cinikin gyaɗa da motocin haya. Ƴar Sanusi, Mariya, ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote, mai kamfanin siminti da matatar mai ta Legas. Aminu Ɗantata, wanda aka haifa a 1931, ya rasu a watan Yuni na 2025 yana da shekara 94, aka yi jana'izarsa a Madina.